Fulawar da ba a miya da ita

Ranar farko da na kai wa wata tsohuwa fure a unguwarmu, sai ta juya shi a hannu, ta shinshina, ta ɗago ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan kuma ana miya da shi ne?" Na ce a'a Iya, na kallo ne. Ta ce to, Allah ya yi albarka, ta ɗora shi a kan murfin randa kamar wadda aka ba ajiya. Na fito ina cewa a raina wa ya aike ni.

Ni malamar firamare ce a Jos, a nan aka yanke cibiyata. Duk wanda ya san garin nan ya san abin da rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka yi wa unguwanni: kowa ya tattara ya koma inda nasa suke, maƙwabtan shekara talatin suka rabu ko sallama babu. Samari kuma sun bi nema, wasu Abuja, wasu Kaduna, wasu Legas. Tsofaffi aka bari da gidaje. Da yawansu ba yunwa ke damunsu ba, 'ya'ya na turo kuɗi ta waya duk ƙarshen wata. Mai sallama ne babu. Iyar nan da kanta ta taɓa gaya mini cewa takan yi kwana uku ba ta yi magana da kowa ba sai mai garuwa.

Da aka ce Birtaniya ta naɗa ministar kaɗaici a 2018, ina cikin waɗanda suka yi dariya. Mu da muke da suna da biki da gaisuwar mutuwa, ina kaɗaici zai same mu? Sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahotonta a 2025, ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da shi, kuma a ƙasashe matalauta abin ya kai kusan kashi 24 cikin ɗari, ya ninka na ƙasashe masu arziki. Lokacin ni da wasu matan unguwarmu mun riga mun fara shiga gidajen tsofaffi muna kai musu fure, don haka ban yi mamaki ba.

Dalilin da ya sa muka zaɓi fure ba wani zurfin tunani ba ne. Jos na kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, sanyinta na karɓar abin da zafin Kano ko Sakkwato zai ƙone, kuma ina da 'yar fulawar da ake kira ziniya a buhu a bayan ɗakina da ta yi mini yawa. Na yi wa matan adashinmu magana, tara suka ce suna ciki. Wani dattijo Birom mai lambun fulawa a bakin titi ya ba mu irin marigol da na furen rana, ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma koya mana abin da ya fi irin amfani. A yanka da sassafe kafin rana ta taɓa shi. A yanka a karkace, a tsige ganyen ƙasa don kada ya ruɓe a ruwa, a canja ruwan kullum. Ya ce mini, "Malama, kada ki ji tausayinta, yankan ne ke sa ta ƙara fitowa." Haka kuwa yake: ziniya na yin fure wajen wata biyu bayan shuka, kuma in ka bar furen ya tsufa a jikinta sai ta koma yin iri ta daina ba ka sabo.

A buhunan siminti muka shuka, ƙasa da yashi da takin awaki da ya riga ya huce. Awakin da suka ba mu takin su suka cinye shukar farko. Ta biyu ƙanƙara ta farfasa ta cikin 'yan mintuna, irin ƙanƙarar nan ta farkon damina da manoman tumatir ke tsoro. Da rani kuwa ruwa ya zama magana, don ba a sayen jarka a zuba wa fulawa mai gida yana kallo. Sai muka koma tara ruwan wanke shinkafa da na alwala.

Wannan duk mai sauƙi ne. Kurakuran da suka fi ƙona mini rai a cikin gidajen mutane muka yi su.

Akwai wata matashiya da mijinta ya rasu, na ga ta fi kowa cancanta, na tsinko mata furen lalle saboda ƙamshinsa. Ban yi tunani ba sam. Mace tana takaba, wata huɗu da kwana goma ba ado, ba turare, ba ƙunshi, ni kuma na shigo mata da lalle yana tashin ƙamshi. Surukarta ta karɓa daga hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Malama, an gode, amma ba yanzu ba." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Daga ranar, gidan da ban san halin da ake ciki ba, sai na fara zuwa hannu sake na gaisa tukuna.

Na biyu, wata yarinya cikin masu taya mu ta ɗauki hoton wata Hajiya riƙe da fure ta sa a Facebook, ta rubuta wai muna tallafa wa marasa galihu. Kafin magariba ɗan Hajiyar ya bugo daga Abuja yana faɗa, yana tambaya wa ya ce uwarsa ba ta da gata. Gaskiyarsa. Muka ba da haƙuri, aka goge, muka sa doka: waya ba ta fita daga jaka a gidan kowa.

Wannan rigimar ce ta fahimtar da ni amfanin fure da ban lura da shi ba tun farko. Mun taɓa haɗawa da sukari da sabulu, muna ganin hakan zai fi kama da kyauta ta hankali. Ƙanena, wanda shi ke kai wa maza, ya kai wa wani tsohon ma'aikacin haƙar kuza. Baban ya ture ledar da sandarsa ya ce, "Yaro, ban kai nan ba tukuna. Kai wa mabuƙata." Amma ya riƙe furen. Shinkafa da sukari na ce wa mutum an ga gazawarsa, shi kuwa fure ba ya cewa komai, ba wanda zai gan ka da shi ya ce sadaka aka kawo maka. Ashe ma Baban yana yaro ya yi aikin lambu a gidan wani Bature a Bukuru. Ya dubi wardin da ƙanena ya kawo ya ce wanda ya datse wannan bai san aikinsa ba. Sati na gaba da kansa ya dogaro sanda ya zo ya nuna mana inda ake yanka, saman ido kaɗan, idon da ke kallon waje. Yanzu in muka yi kuskure har faɗa yake mana, kuma ban taɓa ganin wanda faɗa ke ƙara wa lafiya kamarsa ba.

Wata cikinmu ta kawo shawara a riƙa sayen fulawar roba, tunda ba ta mutuwa, an huta da ban ruwa. Saura kaɗan na yarda. Sai na tuna cewa mutuwar furen ita ce ke mayar da mu. Ziniya a gwangwani ba ta wuce mako guda, dole Juma'a bayan la'asar ka koma da sabuwa, in ka koma kuwa ba za ka miƙa daga tsaye ba. Za a shimfiɗa maka tabarma, a tambayi yara, a ba ka labarin yadda kasuwar Taminus take kafin ta ƙone a 2002, labarin da ka ji sau huɗu. Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafa na son dalili, musamman a gidan da ba dangin iya ba na baba. Da roba muka kai, da sau ɗaya za mu je.

Ba kowa abin ya yi wa aiki ba. Akwai wadda muka yi wata uku muna zuwa, gaisuwa kawai take amsawa, ta kafa wa bango ido, abinci ma sai an matsa. Wannan ya wuce kewa. Muka nemi 'yarta muka ce a kai ta asibiti, aka kai ta. Mu ma kanmu mun ragu, daga tara muka koma huɗu, don shuka ba ta san ana biki ko yaro ba lafiya ba. Sai muka rage gidajen zuwa iya waɗanda za mu iya komawa duk mako, domin wanda ka saba wa da zuwa ka daina, ka bar shi cikin halin da ya fi na da muni.

Abin da ya fi canja tafiyar shi ne da muka fara kai dashe a gwangwanin madara maimakon yankakke kaɗai. Iya ta karɓi marigol da daɗɗoya, ta ajiye su daidai inda take alwala, suka yi ɓul-ɓul har sun fi nawa. Yaran maƙwabta suka fara leƙowa kallo, tana korarsu tana kuma ajiye musu ƙuli-ƙuli. Ranar da maƙwabciyarta ta dawo daga asibiti, ita ta tsinka da hannunta ta aika jikan wani ya kai, har da saƙon a canja ruwan kullum.

Juma'ar da ta wuce na makara, sai dab da magariba na isa. Tun daga zaure na jiyo ta tana cewa, "Sai yanzu? Fulawarku ta mutu tun Laraba." Na durƙusa na gaishe ta, na ce ku yi haƙuri Iya, taron makaranta ne ya riƙe ni. Ta karɓi sabuwar ta zuba mata ruwa, sannan ta ce in zan dawo na taho mata da irin yakuwa. Ta ce ita ma ai tana fure, kuma ko ba komai ana miya da ita.