Furen tumfafiya ya bushe lafiya a gwaji na shida

Ƴan uwa masu tara tsirrai, jiya bayan la'asar na kwance igiyar allunan matsi, waɗanda nake danne tsiro tsakanin jaridu a cikinsu don ya bushe, na ɗaga kwalin sama, sai na tarar da furen tumfafiya ya bushe ƙayau, shunayyar da ke bakin ganyayen furen tana nan yadda take, kuma babu fumfuna ko ɗigo ɗaya. Tun watan Agusta nake fama da wannan tsiro, sau biyar yana kunyata ni, saboda haka ku yi mini uzuri idan na tsawaita a kansa.

Sauran abubuwan da na tara a daminar bana ba su ba ni wahala ba. Tafasa da rai-ɗore da filasko duk sun bushe cikin mako guda da rawayan furensu. Sabara kuwa, wadda na tsinko a wata saura a hanyar Tibiri, kamar don matsi aka halicce ta, har baƙaƙen ɗige-ɗigen da ke bayan ganyenta ana ganin su sarai. Tumfafiya da ke tsirowa a kowane juji da bakin hanya da gonar da ta gaji, wadda ba a zuwa nemanta nesa, ita ce ta gagare ni.

Matsalar farko nononta ne. Da an yanke reshe sai farin ruwan nan ya dinga tsattsafowa, ya manne da jarida, idan an zo sauya takarda sai ganye ya yage ko takardar ta biyo shi. A gwaji na biyu na yi gangancin shafa ido da yatsan da ya taɓa nonon, kafin dare idona na dama yana gani dishi-dishi, sai da na je asibiti. Magani da kuɗin ganin likita sun ci mini jika huɗu, ban da faɗan da na sha a gida. Tun daga ranar ba na yanka tumfafiya sai da safar hannu da tabarau, kuma ina roƙonku kada ku raina wannan gargaɗi.

Matsala ta biyu ta fi ƙarfi, domin na daɗe ban gane ta ba. Ganyen tumfafiya yana da kauri, an lulluɓe shi da wani farin gari mai kama da toka wanda yake hana ruwan jikinsa fita, shi ya sa take zama shar a tsakiyar bazara lokacin da ciyawa duk ta ƙone. Abin da yake raya ta a daji shi ne yake ɓata aiki a cikin matsi. Reshen ba ya mutuwa da wuri, yana nan da ransa tsakanin takardu har kwana goma, ganyayen suna yin rawaya suna kakkaɓewa daga kara, furen kuma, da yake tsakiyarsa tana da wani kambi mai tsini biyar mai tauri, yakan riƙe danshi har ya yi baƙi. Na ƙara nauyin duwatsu, na sauya jarida safe da yamma, na ɗora matsin a kan rufin kwano, duk a banza, domin iskar damina ita kanta a jiƙe take. Farar takarda mai kauri da na saya jika biyu da rabi don liƙa samfurori, fiye da rabinta ta lalace da tabon fumfuna, kuma wannan asarar ta yi mini ciwo ƙwarai.

A makon jiya na sake fita bakin Gulbin Maradi, inda tumfafiya ta yi yawa a kan yashi. Wani dattijo da ke gyaran danga ya ga ina yanka, ya ce, “Malam, me za ka yi da abin da ko awaki ba su damu da shi ba?” Na ce, “Baba, ajiye shi nake so in yi a takarda.” Ya yi dariya, sannan ya nuna mini in soka bakin yankan cikin yashi mai zafi nan take, nonon zai daskare ya daina zuba. Haka kuwa aka yi. Shi ne kuma ya tuna mini cewa da itacenta ake rufin ɗaki da rumbu saboda gara ba ta cinsa, ana murza igiya da ɓawonta, ana cusa audugar ƴaƴanta a matashin kai. A kan reshen da na yanka ma akwai wata fara da ake kira farar tumfafiya, mai zane-zanen rawaya, wadda duk son da muke yi wa fara ba wanda yake soya ta.

Da na dawo gida na tafasa ruwa, na tsoma kara da ganyaye na ɗan lokaci kaɗan don in kashe su, amma ban bar ruwan ya taɓa furen ba, domin ina tsoron launinsa ya tafi. Na tsane su da tsumma. Furanni uku na tsaga su gida biyu da reza na shimfiɗa dabam, yadda kambin zai fito fili ya kuma bushe da sauri. Tsakanin kowace jarida na sa kwali mai ramuka, na jingine matsin a tsaye ta inda iskar hunturu take ratsa ramukan. Ba zan ɓoye ba, rabin nasarar ta hunturu ce, kuma a ganina duk wanda yake son matse tsiro mai kaurin ganye a Maradi ya haƙura har Nuwamba. Kwana takwas ya ɗauka.

Na riga na rubuta takardar bayani da sunan Hausa da na kimiyya, Calotropis procera, da wurin da na tsinko. Ɗan tumfafiya ne ya rage, wanda yake kumbure da iska kamar ƙwallo, ba ya matsuwa ko kaɗan. Wanda na ajiye a kan taga don ya bushe ya fashe yau da safe, audugarsa ta watsu cikin ɗaki, har a tulun ruwan sha na tsince ta.