Kafin ku goge zane, ku juya bayansa

A bangon falona a Birnin Kebbi akwai zanen da na saya naira 1,500 a Argungu, lokacin bikin kamun kifi na 2009. Masunta ne a kogin Matan Fada, kowa da homarsa da goransa, ɗaya ya rungumo giwan ruwa har jijiyoyin wuyansa sun tashi. Har yau ina neman sunan wanda ya zana shi, kuma ni da hannuna na toshe wa kaina hanya. Ƙannena, ku saurara.

Ran da na saya, ciniki kawai na sa gaba. Ban ce wa mai kayan "Malam, aikin wa ne?" ba, ban tambayi unguwarsu ba. Da bakin nan nawa na rage ɗari biyar, na bar tambayar da ba ta cin ko sisi.

Da hunturu ya zo ƙura ta lulluɓe shi, na ɗauko tsumma da ruwan omo. A kusurwar ƙasa ta dama akwai wasu jajayen ɗige-ɗige da na zaci datti ne, na dirje su. Sa hannunsa ne. Busasshen burushi mai laushi ya ishi ƙura, ruwa kuwa kada ya kusanci zane.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayansa. Na kai wa kafinta ya canza firam, ban tsaya ba. Akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa manne a baya, da layi biyu na ajami. Ya ɓare ta ya yar da tarkacen katako, kuma ba laifinsa ba ne, ni ban ce ya bari ba. A baya ake samun suna, shekara, tambarin shago, ko lambar waya. Ku ɗauki hoton gaba da baya da kowace kusurwa kafin kowa ya taɓa.

Sai kwaɗayi ya shigo. Wani ya ce mini hannun ya yi kama da na shahararrun ɗaliban zane na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, su Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Na ɓata shekaru ina kwatanta hotuna a intanet. Wata malamar zane ce ta sauko da ni cikin minti biyar: ta ƙwanƙwasa, ta ce falle ne na silin, fentin kuma irin na ƙofa ne, wanda masu rubuta allon shago da masu ƙawata manyan motoci ke aiki da shi. Ashe a bakin tasha ya kamata in nema.

Da biki ya dawo a 2020 na ɗauki zanen na koma Argungu. Wani dattijo mai rubuta alluna ya daɗe yana kallon yadda aka murɗa igiyar ruwan, ya ce maigidansa ne ke yin haka, amma ya koya wa yara da yawa, shi kuma ya rasu. Da na zo da wuri da na same shi.

Shi ya koya mini in kashe fitila in haska tocila daga gefe, saboda burushi na barin sawu ko fenti ya goge. Na gwada a daren. Harafi biyu suka fito, na uku ya tafi da tsumman nan.