Ranar da ɗan Kwari ya je tayin mota

Shekarata 14 ina auna shadda a Kantin Kwari. Na san idon mai saye idan kaya ya shiga ransa: zai shafa, ya ɗaga wa haske, ya ajiye, sannan hannunsa ya koma kai ba tare da ya sani ba. Da na ga hannun nan ya koma karo na biyu, na san ragin da zan yi ba zai wuce na kunya ba. Da wannan ilimin nawa na tafi sayen mota, ina ganin babu dilan da zai juya ni. Ko minti biyar ban yi a wurin ba na tsinci tafin hannuna a kan bonet ɗin wata Corolla ruwan toka, bakina yana cewa "Masha Allah". Yaron da ke wurin ya yi murmushi, irin murmushin da ni ma nake yi a shago.

Abin da ya kai ni shi ne tsohuwar 406 ɗina. Ban taɓa jin haushinta ba sai bayan 29 ga Mayun 2023, da aka cire tallafin mai. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta kai dubu. Motar ga shan mai, ga son zuwa gareji, kullum ina hanyar Ƙofar Ruwa neman kayan gyara. Maiɗakina ta ce mun zama mu ne muke yi wa motar hidima.

Da farko har na yi ƙarfin halin tambayar sabuwa dal a leda. Baba, Allah ya ji ƙansa, da bashin mota na ma'aikata ya ɗauko 504 sabuwa daga kamfanin Peugeot na Kaduna, wanda ya fara haɗa motoci a 1975, kuma har ya rasu yana ba da labarin ƙamshin kujerunta. Ni da aka faɗa min kuɗin sabuwa sai na yi godiya na fito, don ya fi kuɗin gidan da nake ciki. A yanzu idan irinmu ya ce ya yi sabuwar mota, sabuwar shigowa yake nufi: 'yar Beljiyam, wadda mafi yawanci ma daga Amurka take, sunan ne kawai ya zauna.

Corollar ƙirar 2010 ce, inji 1.8, otomatik. Yaron ya ce miliyan 10 da dubu 800.

"Ranka ya daɗe, dala ce. Wallahi ko jiya an taya goma da ɗari biyar, Alhaji ya ce albarka."

Maganar dala ba ƙarya ba ce. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, a 2024 ya wuce 1,500, kuma da shi kwastam ke lissafin duti. Amma ni ma da dalar nake kare kaina a kan shaddar da na saro tun kafin ta tashi, don haka na san inda gaskiyar zancen take tsayawa. Duk da haka sai da na yi wauta ta biyu. Ya tambaye ni nawa ne a hannuna, na ce goma. Na faɗa masa iyakar aljihuna kafin ma a buɗe injin. Da na dawo gida na kwanta ina juyi, ina tuna sau nawa na yi wa mutane wannan tambayar a shago.

Washegari na je wurin Kawu, ƙanin mahaifiyata. Ya yi shekaru yana dillancin shanu a karar Wudil kafin gwiwa ta zaunar da shi. Bai iya tuƙi ba, bai san bambancin Corolla da Camry ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Ɗan nan, ta waye?"

Na ce ta wurin ce mana.

"Wuri ba ya mallakar sa. Wanda ya riƙe igiya daban, mai sa daban. Ka yi magana da mai san?"

Ban yi ba. Kuma da muka koma ranar Asabar, ni da shi da bakanikena da ɗan yayata mai karatu a jami'a, sai ga shi a fili. Yaron da na gani dillali ne. Wani dillalin ne ya ba shi motar ya nemi mai saye. Mai filin kansa kuɗin ajiya yake karɓa. Mai motar wani Alhaji ne da ke shigo da su bibbiyu, uku-uku ta Legas. Kowanne ya ɗora nasa a kai, ni kuma da na ƙarshen layi nake ciniki. Kawu ya samu benci a inuwa ya zauna, ya ɓare goro, ya ce shi ba ya gaggawa, a kira Alhaji duk lokacin da ya samu sarari. Yaron ya yi ta kewaye-kewaye, wai Alhaji ya wakilta shi. Kawu ya ce, "Madalla. To idan na taya, kai za ka sallama?" Shiru. Aka kira Alhaji.

Kafin ya iso muka duba motar, kuma nan ne na ga aiki. Bakaniken bai fara da inji ba. Ya ɗaga kafet ɗin ƙasa ya shinshina, ya leƙa ƙarƙashin kujeru da fitilar waya yana neman tsatsa, don akwai motocin da ambaliya ta ci a can a busar da su a turo mana. Babu. Ya bi jikinta da ɗan maganaɗisu a cikin tsumma. Ko'ina yana kamawa, sai a ƙofar baya ta dama ya saki, alamar an cike wurin da fila an fesa fenti. Ya kwanta a ƙasa ya duba salansa ko an cire abin nan da suke kira indomi, mai tace hayaƙi, wanda ake yankewa a sayar saboda tsadarsa. Yana nan. Sai tayoyi. Ashe kowace taya tana da lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Na baya an rubuta 2316, wato mako na 23 a 2016. Zanensu da kyau, amma shekararsu takwas, kuma titin Kano zuwa Kaduna da rana tsaka ba ya duba zane. Kawu da aka yi masa bayani ya ce, "A'a, ashe ita ma tana da haƙora."

Ɗan yayata kuma ya kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya zuba a Google. Sai ga motarmu a filin gwanjo a Amurka, ƙofar baya a lotse, da hoton agogonta mai ƙirga nisan tafiya. Agogon bai sha bamban da wanda ke gabanmu ba, ba a mayar da shi baya ba, sai dai mil yake ƙirgawa. Yaron ya ce min "ɗari da goma kacal ta yi", ya bar ni ina zaton kilomita ne. Mil dubu 110 ya kai kilomita dubu 177. Ban ce ya yi ƙarya ba. Ya dai yi shiru a inda shirun ya amfane shi.

Alhaji ya iso wajen la'asar, dattijo mai fara'a, ya durƙusa ya gaida Kawu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali, aka gano ma sun san mutum ɗaya a Wudil. Ni duk na ƙosa. Da aka zo magana Kawu bai taɓa kuɗi ba, ya ce a kawo takardu.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, wato tsohuwar hanyar da 'yan Kwatano ke biyowa ta Nijar su faɗo ta Katsina. Ba a daina ba gaba ɗaya, kowa ya sani, sai dai irin waɗannan motocin ko dai ba su da duti, ko takardar ta bogi ce, ko an biya bai cika ba. Za ka same su da araha, ka yi wata shida kana murna, ran nan a tare ka a hanyar Abuja da iyalinka a ciki. Alhaji ya fito da takardun ba gardama, ya ce ta tashar Legas ta shigo. Muka ce za mu kai ofishin kwastam a tantance ranar Litinin. Ya ce a kai. Daga yadda ya faɗi "a kai" ɗin hankalina ya kwanta da shi fiye da duk rantsuwar da yaron ya yi.

Sannan Kawu ya ce, "Alhaji, nawa ka sa mata?"

"Baba, miliyan goma ne. Don ku."

Dubu 800 ta zube tun ba a fara ba. Na kalli yaron, ya kalli sama.

"Takwas da rabi."

"Albarka, Baba. Ko uwar kuɗi ba ta kai ba."

Kawu ya miƙa masa wayar ɗan yayata da hoton ƙofar. Bai ce komai ba. Alhaji ya duba ya yi dariya, ya ce ai da ma a gwanjo ake saye, kuma bugun bai taɓa shasi ba, wanda gaskiya ne, bakanike ya tabbatar. Ya sauko tara da ɗari takwas. Kawu ya ambaci tayoyi, ya hau takwas da ɗari takwas. Sai aka yi shiru.

Shirun nan shi ya kusa kashe ni. Na san shi, ina yi wa mutane, amma wanzami ba ya son jarfa. Ina ji a raina in ce tara da rabi a wuce wurin. Har na buɗe baki, Kawu ya taka min ɗan yatsa da takalminsa ba tare da ya dube ni ba. Ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya ce, "To Alhaji, Allah ya kawo rabo. Idan tamu ce za ta jira mu." Muka tafi. A cikin Adaidaita ban yi masa magana ba har Ƙofar Nasarawa.

Litinin takardu suka fito daidai. Talata shiru. Na bi ta titin da gangan na hango ta tana nan, ban tsaya ba. A kwanakin na duba wasu guda uku a wurare daban-daban, ɗaya ta fi araha amma mai ita ya ce takardun "suna Legas", ɗaya kuma giyarta tana fizga. Wannan yawon ya nuna min cewa kuɗin irinta mai lafiya yana tsakanin tara da goma, ba abin da nake fata ba, ba kuma abin da yaron ya faɗa ba.

Laraba da daddare Alhaji ya kira da kansa. Yana da wasu biyu a tashar jirgin ruwa, kullum kuɗin ajiya yana hawa, yana son kuɗi a hannu. Ya ce tara da rabi. Na ce tara da ɗari huɗu, ya sa min tayoyi biyu sababbi a baya, kuma la'adar dillalai a wuyansa. Ya yi jim, ya ce taya ɗai-ɗai, shi ɗaya ni ɗaya. Na ce na yarda. Ya ce, "Na sallama. Allah ya sa albarka."

Kawu bai ji daɗi ba. A ganinsa tunda mutumin ya bayyana matsuwarsa, da na ƙara kwana biyu da na same ta tara cif. Wataƙila. Amma a nan muka rabu. Ni ɗan kasuwa ne, na san ranar da kaya ke tashar kuma babu kuɗin fitarwa, na kuma san mai sayen da ya murɗe ni a irin wannan ranar. Har yau idan ya shigo layinmu ba na ɗaga masa kaya mai kyau. Mutumin da ya ba ni takardu na kai aka bincika, ya faɗa min halin da yake ciki da bakinsa, ban ga dalilin da zan tatse shi har ya rasa riba ba. Kawu ya ce shi ya sa 'yan Kwari ba sa iya kiwon sa.

Ranar biya ma sai da aka yi ƙaramin rikici. Na bayar da kafin alƙalami na dubu 500 aka rubuta, sauran kuma iyakar tiransifa ta wayata ta hana, dole muka shiga banki ni da Alhaji muka bi layi. Muna fitowa sai ga yaron, wai ina nasa, shi ya fara nuna min motar. Na ce an yi magana la'ada tana wurin Alhaji. Ya ce wannan na Alhaji ne, nawa fa? Gaskiya raina ya ɗan ɓaci idan na tuna dubu 800 ɗin nan, amma na tuna shi ya wanke ta, shi ya yini a rana. Na ba shi dubu 20 na ce na shan ruwa ne, ba la'ada ba. Ya ƙirga a gabana.

Aka rubuta takardar ciniki da lambar shasi da shaidu biyu, aka shafa fatiha. Lamba, inshora, canjin baƙin mai da man giya, da tayata guda, suka ci wasu 'yan ɗaruruwan dubbai da ban sa a lissafi ba tun farko, har sai da na taɓa kuɗin shago na mayar daga baya.

Kawu na fara ɗauka. Ya zauna a gaba, ya sa na kashe AC don yana sa masa ciwon gwiwa, ya ce in kai shi Wudil ranar Juma'a ya ga mutanensa, wannan ce la'adarsa. Na kai shi. Muka dawo da ƙwaryar nono a but, rabinsa ya zube a kan kafet ɗin da bakanike ya shinshina.

Makulli ɗaya aka ba ni. Alhaji ya ce ɗayan yana cikin kwantena mai zuwa. Duk lokacin da muka haɗu a masallacin Juma'a sai na tambaya, sai ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Yana hanya, Malam, yana kan ruwa."