Inda na kwana da facin Log4j

Salam 'yan uwa masu koyon harkar sabar, ga rahoton wannan satin. Na ɗora tsohon Log4j 2.14.1 a wata 'yar sabar gwaji cikin VirtualBox (manhajar da ke kunna kwamfutar gwaji a cikin kwamfutarka), na cire mata intanet gaba ɗaya, don in ga ɓarakar nan ta Log4Shell da idona in kuma toshe ta da hannuna. Don Allah kar wanda ya gwada a sabar mutane.

Ga wanda bai san labarin ba, a Disamba 2021 abin ya fashe, lambarsa CVE-2021-44228, kuma maki 10 cikin 10 aka ba shi na haɗari, har wasan Minecraft sai da ya taɓa. Shi Log4j aikinsa kawai ya rubuta abin da ke faruwa a manhajar Java, amma in ya ga rubutu mai fara da ${jndi:ldap:// a cikin saƙo, maimakon ya rubuta ya wuce sai ya tafi adireshin ya ɗauko abin da mai kutse ya ajiye ya kunna shi. Kamar maigadi ne da aka ce ya riƙa rubuta sunan baƙi, wani ya zo ya ce sunana "buɗe sito", shi kuma ya tashi ya buɗe.

To facin kansa, wato gyaran da ke toshe ɓarakar, wallahi ba wuya, nemo inda Log4j ɗin ya ɓuya shi ne aikin. Na yi find, umarnin neman fayil, na ga log4j-core (ɓangaren Log4j da ke yin ainihin aikin) guda a folda, ashe akwai wani a ƙunshe cikin babban fayil ɗin jar (ƙunshin fayilolin Java) na manhajar wanda find ba ya gani sai ka leƙa cikinsa da unzip -l, in kuma Maven, kayan haɗa manhajar Java, kake amfani da shi to mvn dependency:tree zai tona maka wanda ya jawo shi. Matsalar a log4j-core take, ba log4j-api ba.

Kar ku tsaya a 2.15.0 fa, facin farko ne kuma bai toshe duka ba, shi ya sa Apache, masu Log4j ɗin, suka fito da 2.16.0, sai 2.17.0, sai 2.17.1 duk a watan. Ni 2.17.1 na sa tunda Java 8 nake da shi. In sabuntawa ba za ta yiwu nan take ba, ana iya goge JndiLookup.class, fayil ɗin da ke bin adireshin jndi ɗin, daga cikin jar ɗin log4j-core da zip -d, amma ni a ganina wannan na wucin gadi ne kawai.

Sannan sai an kashe manhajar an sake kunnawa, in ba haka ba tsohon yana nan zaune a memori. Da na sake tura saƙon gwaji mai jndi ɗin nan, log ya rubuta shi yadda yake bai je ko'ina ba.

Sati mai zuwa zan koma kan rsyslog, manhajar tattara log a Linux, in sha Allahu, wanda ya taɓa tura log zuwa wata sabar ta TLS, wato ɓoyayyar hanya mai tsaro, ya taimaka min da yadda ya yi saitin satifiket.