Daga Zariya zuwa bakin tekun Blackpool: yadda na zama 'yar agaji a Ingila

Shekararmu huɗu kenan a Manchesta, ni da Abban yara da yaranmu uku, kuma duk wanda ya tambaye ni yaya zaman Turai amsar da nake bayarwa ita ce alhamdulillah, amma shekarar farko kam na sha kuka. A Zariya gidanmu ba a rufe ƙofa, wannan ta shigo aron turmi, waccan ta aiko a sam mata daddawa, a nan kuwa sai ki yi sati ba wanda ya ƙwanƙwasa miki sai mai kawo saƙo. Lokacin sanyi ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, azahar da la'asar da magariba duk a manne da juna, maigida yana aikin dare ya dawo ya kwanta, ni kuma na kai yara makaranta na ɗauko su, na dafa tuwon semo na zauna ina kallon ruwan sama ta taga. Rayuwar kenan.

Ranar da ba zan manta ba wata Asabar ce, autana lokacin yana shekara uku, na soya naman rago ina rabawa yara sai kawai na ga yaro ya tsaya cak, idonsa ya firfito, ba kuka ba tari ba sauti, bakinsa ya fara canza kala. Wallahi ban san lokacin da na sunkuce shi na fita waje ko ɗankwali babu ba, ina ta salati ina jijjiga shi. Maƙwabciyarmu wata tsohuwar Baturiya ce da gaisuwar nesa kaɗai ke haɗa mu, ita ta fito ta karɓe shi, ta sunkuyar da shi gaba ta buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannunta, a bugu na uku naman ya faɗo. Ni da na haife shi abin da nake shirin yi shi ne na ɗura masa ruwa ko na cusa yatsa, wanda da na yi da na ƙara tura naman ciki. Tun daga ranar yarana suke ce mata Kaka, kuma duk sallah sai na kai mata tuwo da miyar taushe.

Ita ce ta ba ni shawarar na je na koyi taimakon gaggawa. Na fara da ajin yini ɗaya, daga baya na cike fom na shiga St John Ambulance a matsayin 'yar sa kai, ƙungiya ce tsohuwa tun 1877 take, masu kore da baƙin yunifom ɗin nan da ake gani a filin ƙwallo da wajen tseren gudu da bukukuwan gari. Sai da aka bincika ko ina da wani tarihin laifi tunda za a yi hulɗa da yara da marasa lafiya, sannan aka fara tirenin da yamma. Hijabina ban cire ba kuma ba wanda ya ce na cire. Da na kawo maganar gida Abban yara ya yi shiru can ya ce "to Maman yara, in dai ba zai hana ki hidimar gida ba Allah ya sa albarka", kuma gaskiya ya taimaka, ranar da nake da aji shi ke kwana da yara.

Abin da ya fi taɓa ni a ajin nan shi ne ganin yawan abubuwan da muka tashi muna yi da kyakkyawar niyya alhali cutarwa ne. Ƙuna, mu man goge baki muke shafawa ko ɗanyen ƙwai ko manja, ashe ruwan famfo mai sanyi ake sakar wa wurin har minti 20. Mai farfaɗiya, mu ko a cusa masa cokali a baki ko a watse a bar shi wai miyaunsa na yaɗa ciwon, alhali ba a ɗauka, abin yi kawai a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a duba agogo, in ya wuce minti 5 a kira 999, lambar kiran gaggawa ta nan Ingila, in ya lafa a kwantar da shi ta gefe. Ranar da aka koya mana wannan na tuna wata yarinya 'yar ajinmu a firamare da take faɗuwa muna gudu muna barinta ita kaɗai a rana, har ta daina zuwa makaranta, sai da na fita bayi na yi kuka na wanke fuska na dawo. Sai kuma danna ƙirji in numfashi ya tsaya, dannawa 30 hura iska 2, da sauri kamar sau 100 zuwa 120 a minti, mun yi ta yi a jikin ɗan roba har hannuna ya yi tsami. Da na'urar farfaɗo da zuciya wadda ake rataye ta a tashar jirgin ƙasa da manyan kantuna, in kin buɗe ita da kanta take magana tana gaya miki abin yi.

Toh maganar teku. Yara a nan suna hutun bazara kamar sati shida daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kuma in aka koma kowa sai ya ba da labarin inda ya je, ba na son nawa su yi shiru. Kuɗin jirgi zuwa gida mu biyar ba kowace shekara ba, don haka Blackpool muke zuwa, awa ɗaya da 'yan mintuna a jirgin ƙasa daga Manchesta. Ni da babban ruwan da na sani shi ne Kubanni da dam ɗin Shika, ranar farko da na ga ruwa ba iyaka sai da na yi tasbihi. Na tashi da asuba na yi dafa-duka da soyayyar kaza da zoɓo a fulas, mu shimfiɗa tabarma a yashi, tsuntsayen teku na shawagi suna jiran ki yi sakaci su fauce abin hannunki. Hasumiyar garin tun 1894 take tsaye, tsayinta mita 158. Amma abin da ya fi burge yarana jakuna ne, ana biyan kuɗi yaro ya hau a zaga da shi bakin ruwa, kuma dokar garin ta ba jakunan hutu duk ranar Juma'a, babba ma ba a bari ya hau. Da na tura wa Hajiya hoton autana a kan jaki a WhatsApp cewa ta yi "ke yanzu har Ingila kuka je hawan jaki, ga na Malam nan a ɗaure".

Ruwan akwai sanyi ko a tsakiyar bazara, kuma yana janyewa ya dawo sau biyu a yini, in ya janye sai ki ga fili fetal ki yi ta tafiya, in zai dawo kuma ta bayanki yake zagayowa ya tare hanya, shi ya sa kafin mu fito sai na duba lokacinsa a waya. Inda akwai masu gadin ruwa tsakanin tuta mai ja da rawaya ake wanka, jar tuta kuwa ba a shiga. Na koya wa yara in ruwa ya ja mutum kada ya yi ta kokawa, ya kwanta rigingine ya buɗe hannu da ƙafa har numfashinsa ya daidaita.

A zuwanmu na bara muna hanyar komawa tasha wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a gabanmu, matarsa ta rikice tana kiran sunansa. Ba na cikin yunifom, jakar kwanuka ce ma a hannuna, na ajiye na durƙusa na duba na ga yana numfashi, na kwantar da shi ta gefe na ɗaga haɓarsa, na nuna wani saurayi na ce kai kira 999, babbar 'yata mai shekara 12 ta riƙe hannun matar har motar asibiti ta iso. Jirginmu ya wuce mu, muka jira na gaba, a ciki yarinyar ta ce "Umma nima in na kai za ki sa ni?" Akwai ɓangaren matasa a ƙungiyar, bana ta fara zuwa.

Yanzu duk Lahadi bayan la'asar ina tura saƙon murya a guruf ɗin matan gidanmu na Zariya, abu ɗaya kawai nake ɗauka a sati, wannan satin haɓo ne, kada a ɗaga kai sama, a sunkuya gaba a matse hanci minti 10. Hajiya da farko cewa take mu da muka raine ku da manja ai ba ku mutu ba, amma watan jiya da ruwan zafi ya zubo wa jikarta a ƙafa ita ce ta hana a shafa komai, ta sa aka yi ta kwarara ruwan randa, sannan ta sa ƙanina ya ɗauke su a babur zuwa asibiti.