Ɗinkin tutar ƙungiyar gama kai

Babbar riga da hula su ne cinikin yau da kullum a shagona, amma aikin da na fi jin daɗinsa shi ne tutar ƙungiyoyin gama kai: manoma, masu casar shinkafa, mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Aikin ba ya zuwa da yawa yanzu, domin masu buga hoto a leda suna gama nasu cikin wuni guda, kuma da araha. Sai dai rana ta dake ta, iska ta yage ta, baɗi a sake biya.

Al'adar nan tana da tushe a Ingila. A ƙarshen 1844 mutum 28, da dama cikinsu masaƙa, suka buɗe ɗan kantinsu na haɗin gwiwa a layin Toad Lane da ke Rochdale. Da harkar ta bunƙasa, ƙungiyoyi suka riƙa yin tutar da za su ɗaga ranar taro ko jerin gwano. Manyan tutocin ƙungiyoyin ƙwadago na wancan zamani yawanci fenti ne a kan alharini, irin na kamfanin George Tutill na Landan. Na ƙungiyar mata ta gama kai kuwa, wadda aka kafa a 1883, da yawa matan reshe ne suka zauna da allura da zare suka ɗinka abinsu. Su suka fi burge ni, don ɗinkin yana nuna hannun mai shi. Ana adana irin waɗannan tutoci a gidan tarihin People's History Museum na Mancesta.

Alamomin da suka fi yawa su ne amyar zuma, hannu biyu suna musabaha, da damin alkama. Karan alkama guda ba ya tsayuwa, in an ɗaure dami sai ya tsaya da kansa. Wannan ba sai na yi wa manomin gero dogon bayani ba, shi ya sa nake musanya alkamar da damin gero ko dawa. Tuta mai launin bakan gizo ita ce ƙawancen ƙungiyoyin gama kai na duniya ya ɗauka a 1925.

Wahalar aikin tana wurin nauyi. Zare in ya taru wuri guda yakan janyo yadi ya tattare, don haka dole a sa shafi mai ƙarfi a baya, a kuma ɗaure yadin tam kafin allura ta shiga. Harufa kuma sai an yi su manya, yadda na ƙarshen fili zai karanta. Jan zare nakan jiƙa shi tukuna in ga ko yana zuba, musamman in zai hau farin yadi. Geza da aljihun sanda su ne ƙarshe.

Inda muke yawan jayayya da masu kawo aiki shi ne hoton shugaba. Nakan ce, “Alhaji, kujerar nan zaɓe ake yi, in wa'adinka ya cika wa zai farke maka fuska?” Sai a yi dariya a koma kan sunan ƙungiya, garinta da shekarar kafuwa. Ranar karɓa kuma ina nuna wa sakatare yadda zai naɗe ta a jikin sanda, ɗinkin yana waje, kada ya ninke ta ya cusa a akwati, domin daga layin ninki zare yake fara karyewa.