Takalmin iska bayan gudu mai tsanani: yadda nake amfani da shi a Jos

Na'urar ba wani abu ba ce illa dogon takalmi mai zif da ke rufe ƙafa daga tafi har cinya, sai tiyo da ƙaramin famfo. A ciki akwai ɗakunan iska huɗu ko biyar da ke cika ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa zuwa sama, sannan su sace. Asalinta daga asibiti ne, inda ake sa wa marasa lafiya da ke kwance don hana jini daskarewa a ƙafa. Normatec shi ne sunan da 'yan wasa suka fi sani.

Dalilin da ya sa take aiki a bayyane yake. Yayin gudu, tsokar sha-raɓa ce ke tura jini sama zuwa zuciya. Da ka tsaya cak sai aikin tsokar nan ya tsaya, alhali jijiyoyi na nan a buɗe, jini ya taru a ƙafa, hawan jini ya sauka, jiri ya kama ka. Takalmin yana yin aikin tsokar ne kana kwance.

Amma ba na sa wa ɗan wasa shi da zarar ya gama. Bayan zagayen gudu a filin wasa na Rwang Pam, sai ya yi tafiya ta minti biyar zuwa goma tukuna. Ina ƙirga bugun zuciyarsa da zarar ya gama gudu, in sake ƙirgawa bayan minti ɗaya. In bai ragu da ko 12 ba, kuma hakan ya maimaitu, wannan maganar likita ce, takalmi ba zai gyara ta ba. A tuna Jos na kan tudu kusan mita 1,200, wanda ya taso daga Abuja zai ga bugunsa ya ɗan haura a kwanakin farko.

Sai ruwa. Duk kilo ɗaya da ya zube a gumi, kusan lita ɗaya da rabi za a mayar a hankali. Jikin da ya bushe ba shi da isasshen jinin da za a tura, komai matsar.

Kan matsi ne aka fi yin kuskure. Injin na iya kai wa 100 ko fiye a ma'aunin hawan jini, matasa kuma gani suke sai ya yi zafi yake aiki. Ni daga 40 zuwa 60 nake farawa, minti 20 zuwa 30, mutum na kwance. In yatsu suka fara tsitstsira kamar allura ko suka yi sanyi, matsin ya yi yawa, a rage nan take. Safa da ta naɗe ko wando mai kauri kan bar shaida a fata. In ɗaki ɗaya ya ƙi cika, kafin a zargi famfo a duba tiyo, galibi lanƙwashewa ya yi. Takalmin da ya fi ƙafa tsawo kuma yana matse matsematsi, ba amfani. Lokacin hunturu ina rufe ɗan wasa da bargo, don gumi da sanyin Disamba ba sa jituwa. Da an gama, ya zauna minti ɗaya kafin ya miƙe.

Abin da na gani shi ne nauyin ƙafa da tsamin jiki na raguwa washegari. Ban ga ya ƙara wa kowa gudu ba, kuma sinadarin lakteti, mai taruwa a jini yayin gudu mai tsanani, da ake ta cewa takalmin yana wankewa, jiki da kansa yake sharewa cikin kusan awa ɗaya.

Wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura da zafi, ko mai raunin zuciya, ko buɗaɗɗen ciwo, ko karaya, ba na sa masa sam. In akwai gudan jini a jijiya, matsin na iya kora shi zuwa huhu.